Fatar da Na Kifa a Famfon Baba

A shekarun tamanin, lokacin da nake aiki a wata masaƙa a Kakuri, ina haya ne a wani gida a Makera. Mu bakwai ne masu keke a gidan, famfo kuwa ɗaya ne, shi ma ba namu ba. Na wani dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, wanda ya yi ritaya daga masaƙa tun kafin a ɗauke ni. Kowa Baba yake ce masa, matarsa kuma Mama.

Famfon na ƙafa ne, ja, fentinsa duk ya goge. Kowace safiya Baba zai fito da shi ƙofar ɗakinsa, mu jera kekuna. Kai za ka maƙala tiyo a bawul, amma takawa tasa ce shi kaɗai. Ka kuskura ka ɗora ƙafa, ranar har kakanka sai ya ji. Yana takawa yana tsokanarmu: «Malam, wannan tayar taka ta fi ka ladabi.» Wallahi ina kewar waɗannan safiyoyin, da ƙamshin kunun Mama, da jiniyar masaƙa tana kiranmu daga nesa.

Ya sha yi mana bayanin yadda abin yake aiki, ni dai rabi nake ji. A cikin bututun ƙarfen akwai sanda, a bakinta an ɗaure wata fata mai siffar ƙaramin ƙoƙo. In ka taka, ƙoƙon ya buɗe ya manne da bangon bututu, ya tura iska ta tiyo zuwa cikin taya. In ka ɗaga ƙafa, wani murɗaɗɗen ƙarfe da ake kira sifirin ya dawo da sandar, fatar ta lanƙwashe, sabuwar iska ta shige ta gefenta. Shi ke nan fa.

Wata damina Baba ya kwanta ciwo, ya tashi ƙafarsa ta dama ta yi nauyi. Ɗansa da ke ƙauye ya matsa a mayar da shi gida ya huta. Baba ya ce ina! Muddin ƙafar nan tana iya cika taya, babu inda za shi.

To, ni mutum ne mai karambani, ban ɓoye ba. Famfon ya fara ƙara, ƙiii ƙiii, abin yana ci mini rai. Ran wata Lahadi suna coci, na ɗauko shi daga bayan ƙofa, na kwance, na wanke da kananzir, na shafa wa fatar baƙin mai. Ina cikin haka na jiyo muryar Mama a bakin gida. Cikin sauri na mayar da komai, na ɗaure noti, na ajiye ban ko gwada ba.

Ran Litinin muka jera. Baba ya taka, ya sake takawa, ya yi ta takawa har zufa ta keto masa. Taya ko gezau. Ya tsaya ya dubi ƙafarsa, bai dubi famfon ba ko sau ɗaya, don a wajensa famfon nan ba ya kuskure.

«Ba na jin komai a ƙarƙashinta,» ya ce a hankali. «Kamar ina taka auduga.»

Wani ya ce ko a bar shi ya gwada. Baba ya naɗe tiyo ya shige ɗaki. Kowa ya tura kekensa wajen mai faci.

Tun a lokacin na san aikina ne. Amma kunya ta hana ni magana, da tsoron bakinsa. Kwana uku Baba bai fito ba, kwana uku ina wucewa ta ƙofarsa sum-sum kamar ɓarawon kaza. Ran Alhamis da safe Mama ta tare ni a bakin rijiya, idonta ja.

«Ɗana, Babanku ya aika a zo a ɗauke shi ran Asabar. Ya ce ƙafar ta mutu.»

Kai! Ban san lokacin da na yar da guga ba. Na yi sallama na shiga, na durƙusa, na ce, «Baba, ni ne. Ni na buɗe famfon.»

Ya nuna mini sifana da haɓa. Na kwance famfon a gabansa, na zaro sandar, sai ga fatar a kife, bakin ƙoƙon yana kallon baya. Maimakon ta tura iska, sai ta bar ta ta zille ta gefe. Ya karɓa ya juya ta da hannunsa, ya ɗaure, ya ce, «Kawo kekenka, sakarai.»

Na maƙala tiyo. Ya dafa kafaɗata ya ɗora ƙafar nan mai nauyi. Taku na farko na ga fuskarsa ta canja, don famfon ya turje masa. Fuu, fuu, taya ta fara tashi. Mutanen gida suka fito suka kewaye mu. Na matsa tayar na ce, «Baba, ta yi.» Bai tsaya ba. Na ce, «Baba, don Allah ta yi!» Yatsunsa sun nutse a kafaɗata, hawaye na bin kumatunsa, yana takawa yana takawa.

Sai ji muka yi fau! Tif ɗin tayata ya fashe, kajin Mama suka watse.

Ya sauke ƙafarsa yana haki, ya share ido da bakin riga.

«Yau da ƙafa za ka tafi aiki,» ya ce. «In ka taso, ka biya ta tasha ka ba da saƙo ƙauye. A ce wa ɗana kada ya zo.»