Silifas ɗin Tanko a Bakin Sito

Ban taɓa mantawa da ranar da silifas na roba ya hana ni zama ba, wata Laraba cikin azumin da ya faɗo tsakiyar zafi. Lokacin ni ce jami'ar fitar da motoci a kamfaninmu na dakon kaya. Ofishinmu yana Doka a Kaduna, sitonmu kuma yana bayan Babbar Kasuwa. Aikina shi ne in san wace tirela ta tashi, me ta ɗauka, ina ta kai. Direbobi suna ce mini Hajiya Ba-Sani-Ba-Sabo, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, kayan da za su ƙetare iyaka idan an gama loda su a kwantena, jami'in kwastan yana dubawa, a rufe ƙofa, ya ɗaura wani ƙarfe mai lamba da muke ce wa sil. Daga nan ba mai ikon taɓa shi sai kwastan na bakin iyaka. Direban da ya isa da sil a yanke ɗan fasa-ƙwauri ne har sai ya wanke kansa. A tsare mota, a tsare kaya, a tsare shi.

A ranar mun loda buhunan fulawa na wata masana'anta, za su Maraɗi ta Jibiya. Direban shi ne Malam Iro, dattijo mai taurin kai a kan ƙa'ida, wanda tun da ya fara tuƙi ba a taɓa samun sil ɗinsa da ko ƙwarzane ba. An gama lodi da hantsi, aka yi ta jiran jami'in kwastan. Ya zo, ya duba, ya ɗaura sil, mota ta tashi bayan azahar.

Dab da la'asar na leƙa sito don shirin lodin gobe. 'Yan dakonmu suna da wata al'ada, ba sa taka abinci da takalmi. Kafin su hau kwantenar fulawa ko shinkafa, kowa zai tuɓe nasa a bakin dakali, in an gama ya saka abinsa. To kowa ya watse, amma ga silifas na mutum ɗaya, dama da hagu a jere, suna fuskantar inda motar ta tsaya ɗazu. An ɗinke igiyar ɗaya da wayar ƙarfe.

Na kira shugaban 'yan dako, Malam Audu, na nuna masa. Ya ce, "Na Tanko ne. Yana masallaci, Hajiya."

Tanko magidanci ne mai 'ya'ya, mafi ƙarfi a cikinsu kuma mafi nauyin barci. Aka duba masallaci, babu shi. Aka duba bayan sito, babu shi. Rigarsa tana rataye a ƙusa, wayarsa a aljihu. Sai wani daga cikinsu ya ce da aka daɗe ana jiran kwastan, ya ji Tanko yana cewa zai ɗan miƙe bayansa a inuwa. A filin nan kaf babu inuwar da ta wuce saman buhuna, can ƙuryar kwantena. Malam Audu ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Tsoro ya kama ni. Kwantena akwatin ƙarfe ce, babu taga, ga rana, ga mutum da azumi a baki.

Na kira Malam Iro, waya tana ta ringi ba a ɗauka. Ban yi mamaki ba. Ni na kafa dokar hana amsa waya a kan tuƙi, kuma duk cikin direbobinmu shi kaɗai yake bin ta sau da ƙafa, har kulle wayar yake a akwatin gaban mota ya kunna tafsiri. Na'urar bin sawu da ke jikin motar ta nuna ya wuce Zariya, ya kama hanyar Funtuwa. A hanyar nan kuwa ba ya tsaya wa kowa a daji, ko fitila za ka yi masa har ta mutu.

Na kira manajanmu a gidansa da ke Unguwar Rimi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Hajiya, wa ya gan shi a ciki?"

Na ce, "Ba kowa, ranka ya daɗe. Takalminsa ne."

Ya ce, "To idan aka yanke sil aka tarar da fulawa zalla fa? Me za mu gaya wa kwastan, takalmi? Ki nemi jami'in tukuna."

Ba mugun mutum ba ne, kuma tambayarsa tana kan hanya. Jami'in kwastan ɗin ma da na same shi ya ce ba shi da ikon ba da umarnin yankewa ta waya. Zai nemi wanda zai je wurin, amma ba lallai ya isa kafin magariba ba.

Allah ya sa wani direbanmu, Bala, yana Funtuwa yana gyaran taya. Na ce ya tare Malam Iro a cikin gari ko ta halin ƙaƙa. Ya tara 'yan ƙungiyar direbobi suka tsaya a bakin tasha, shi kuma ya gitta kan tirelarsa a rabin titi. Ina zaune ina kallon ɗigon motar yana rarrafe a kwamfuta, har ya tsaya.

Bala ya miƙa wa Malam Iro waya, na yi masa bayani. Ina jin suna dukan jikin kwantena da sifana suna kiran sunan Tanko. Shiru.

Na ce, "Baba Iro, ka yanke. Na ɗauka a wuyana."

Ya ce, "Hajiya, ke kina Kaduna. Wuyan da ke kusa shi ake kamawa." Sannan ya ce, "Takalmin, ina ya fuskanta?"

Na ce, "Wajen mota."

"A jere?"

"A jere."

Ya ce, "To ya hau bai sauko ba. Bala, ɗauko almakashin ƙarfe, ka sa wani ya ɗauki bidiyo."

Ƙarar yanke sil ɗin har yau tana kunnena. Bayanta sai hayaniya, sai muryar Bala yana cewa a kawo ruwa. Sun same shi kusa da ƙofa, ya rarrafo ta saman buhuna ya sume, jikinsa fari fat da gari, yana numfashi da ƙyar. Aka zuba masa ruwa, aka saka shi a keke mai ƙafa uku sai asibiti.

Ba mu fita salin-alin ba. Duk da bidiyon, kaya sun daɗe a tsare ana bincike, mai sayen ya fasa cinikin, masana'antar kuma ta daina ba mu lodi. Malam Iro ya sha zirga-zirgar amsa tambayoyi har bayan salla, kuma sunansa ya shiga cikin waɗanda aka taɓa samu da sil a yanke. Na san abin ya yi masa ciwo. Bai taɓa ambata mini shi ba.

Washegari na kai wa Tanko silifas ɗinsa asibitin Funtuwa a cikin leda. Ya karɓa ya yi ta juya su a hannu. Matarsa ce ta yi ta kuka.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan an tsara komai don tsare kaya, mutanen da ke ɗaukarsu kuwa sai dai su tsare junansu, kuma wani lokaci wanda ya fi kowa riƙon ƙa'ida shi ne zai san ranar da za a saɓa mata. Ku sababbin ma'aikata kuna dariya idan kun ga na tsayar da jami'in kwastan da sil a hannu ina leƙen bakin dakali. Ku yi ta dariyarku. A sitona ba a rufe kwantena sai kowane takalmi ya sami ƙafarsa.