Bas ɗin Kawu Ilu

Duk wanda ya taɓa zama kallon fim da Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, ya san ba a kaiwa ƙarshe. Da zarar bas ɗin 'yan makaranta ta gifta, sai ka ji, "Tsaya! Mayar baya!" Ya matso kamar zai shige talabijin. Labarin fim kuwa, ko oho.

Ku mutanen Mando kun san dalili. Shekara da shekaru yana tuƙa bas ɗin wata makaranta, tsohuwa ƙirar Ingila mai sitiyari a dama. Ya tafi hutu ya dawo, babu bas. Aka ce shi ya sayar, aka kore shi ba ko sannu. Gaskiya ni ma na ɗauka ya sayar. Ni dama tun da aka cire ni daga aji uku aka jefa ni gareji ban ƙara yarda da kowa ba.

Shi kuwa ya rantse 'yan fim aka sayar wa, don su ne masu neman tsofaffin motoci.

Ran nan muna kallon wani fim na ce, "Kawu, wannan fa a Amurka aka yi shi."

"Na sani, sakarai! Bas ruwan ƙwai, mai dogon hanci. Amma dubi fitilar, dubi tagogin. Kan na wani kamfani ne, gangar jikin ta wani."

"To ina ruwanka?"

"Mutanen da za su ɗora kan wani a jikin wani, me ba za su aikata ba?"

A wani fim ɗin Indiya bas ta faɗa rami. Matarsa Inna Ladi tana salati tana sharar hawaye, shi yana ƙyaƙyata dariya.

"Malam, yara sun mutu fa!"

"Wane yara? Wadda ta hau dutsen ƙirar Jamus ce, mai gajeren hanci. Wadda ta faɗa akwala ce, ko inji babu. Mai kyan sun ɓoye ta, munafukai!"

Sai wata Asabar, a wani fim ɗin Hausa, saurayi da budurwa suna ta rausaya, can bayan katanga ga rufin mota ya leƙo. Sau tara muna mayarwa.

"Tawa ce. Lotsawar nan ni na yi ta, da reshen mangwaro."

Na ce tsufa ya zo. Amma ya gane tankin ruwan da ke gefe, wai a Rigasa yake. Ya ja ni a acaɓa, muka yini muna tambaya. Wallahi muka same ta! A gidan marigayi mai kula da siton makarantar, ba taya ko ɗaya, kaji suna ƙwai a ciki. Matar gidan ta ce tun da aka kawo ta amarya take ganin ta a nan.

Na zaci zai tara unguwa. Ina! Ya zagaya ta sau biyu, ya cire hula ya goge sitiyarin.

"Sun canza mata madubi. Ɓarayi."

Sannan ya juyo. "Sabi'u, ka gani?"

"Na gani, Kawu."

"To, kai ma sai ka daina yi mini wannan kallon."

Ashe duk shekarun nan ya sani. Na ce a raina gobe na ba shi haƙuri. Goben ba ta zo ba har muka kai shi makwancinsa.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma ya yafe mini zaton da na yi masa.