Tirelar da Muka Yi Haya a Diko

Lokacin da ƙanena ya sayar da filin da ya gada a bayan unguwar Magajiya don ya yi fim, Inna ba ta yi masa faɗa ba. Ni ta kira ɗakinta, ta sa na rufe ƙofa.

"Kuɗin nan kada su kwana a hannunsa," in ji ta. "Ke kika san lissafi. Ke za ki riƙe."

A lokacin ina aikin akanta a wata makaranta mai zaman kanta a Abuja, kullum in fita Suleja da sassafe, in dawo bayan magariba. Ban san komai game da fim ba, sai kallo. Shi kuwa ƙanena ya daɗe yana bin masu ɗaukar bidiyon biki da tallace-tallace, har ya iya aikin, ya kuma rubuta labarinsa na kansa. Na nemi izinin maigidana, na ɗauki hutun shekara, muka zauna ni da ƙanen nawa a tsakar gida muna kasafta kuɗin.

A nan na fara gane cewa fim rami ne. Kyamara da fitilu daga Abuja za a yi hayarsu, kullum da kuɗinta. Jarumin daga Kano za a ɗauko shi, da kafin alƙalami, da masauki. Ga abincin jama'a, ga man janareta, ga haƙƙin ma'aikata: mai ɗaukar hoto, mai ɗaukar sauti, mai fitila, da matar da ke kula da tufafi da kwalliya. Bayan duk wannan sai kuɗin tacewa, wanda in babu shi, abin da aka ɗauka ba zai taɓa zama fim ba. Duk abin da ƙanena ya ambata sai in tambaye shi nawa ne, shi kuma sai ya ce, "Ba zai yi yawa ba, Yaya." Na hana shi faɗin wannan magana. Na ce ko ya kawo farashi, ko mu cire abin.

Labarin fim ɗin na wani direban tirela ne da motarsa ta lalace a Diko, alhali mahaifinsa na kwance ba lafiya a Lambata. Kusan komai a gindin motar yake faruwa. Saboda haka tirela ce uwar aikin, kuma ita ce ta fi ba mu wahalar samu. A ƙarshe wani Alhaji mai motocin dakon kaya ya yarda ya ba mu ɗaya da ke zaune ba aiki, a kan farashi mai sauƙi, amma da sharaɗi: duk ranar da kaya suka samu, motarsa za ta tafi. Ƙanena ya amsa tun kafin Alhajin ya rufe baki. Ni ma na amsa, don babu wata da kuɗinmu zai iya kaiwa.

Na ware wani abu na ko-ta-kwana, amma bai daɗe ba. Muna fara aiki farashin dizal ya tashi, janareta ta cinye rabinsa. Sauran kuma ya tafi ranar da ruwan sama ya hana mu ɗaukar komai, amma duk da haka aka ci abinci, aka biya hayar kyamara. Daga nan na koma ina bin kowace naira da ido. Ma'aikatan suka sa mini suna Babban Banki. In na iso wurin aiki sai hira ta mutu.

Saura fitowa ta ƙarshe kawai, wadda a cikinta motar ta gyaru, direban ya kama hanyar Lambata. Yini guda muka tsara mata, mu zuba mai da kuɗinmu, a yi ta kai da komowa a kan titi har a samu abin da ake so. Ana gobe za a ɗauka, muna cin abincin rana a rumfar wata mata da ke dafa mana, sai ga wayar Alhaji. Ƙanena ya amsa, na ga fuskarsa ta canja. Ya ajiye cokali.

"Kaya sun samu," ya ce mini. "Taki ne. Yau da yamma za a tafi lodi, gobe su wuce."

"To, ai sharaɗin ke nan."

"Ya ce in za mu biya shi abin da kayan za su kawo masa, zai bar mana ita."

Da ya faɗi kuɗin, sai da na sa ya maimaita. Abin da ya rage a hannuna kashi biyu ne kawai: cikon haƙƙin ma'aikata, da kuɗin tacewa. Sai an haɗa na ma'aikatan gaba ɗaya da wani yanki na tacewar kafin a kai abin da Alhaji ya nema.

"Tura masa, Yaya."

"Daga ina?"

"Daga na ma'aikata. 'Yan gida ne, za su yi haƙuri har fim ya fita."

"Ka tambaye su?"

Mai fitila na zaune a benci na gaba da mu, ya sunkuyar da kai a kan kwanonsa kamar bai ji ba. Na san matarsa ta kusa haihuwa, don tun farkon aiki ya roƙe ni kada kuɗinsa ya yi jinkiri.

Ƙanena ya ja ni bayan rumfar. Ya ce in babu wannan fitowar babu fim, duk abin da aka kashe ya tafi a banza. Ya ce jarumin gobe da yamma zai koma Kano, yana da wani aikin, kuma kyamara jibi za a mayar. Duk gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini nauyi.

"Kuɗina ne fa, Yaya."

"Naka ne. Amma wannan kason ya daina zama naka tun ranar da mutanen nan suka fara yi maka aiki a rana."

"Yanzu ke ce za ki kashe mini fim?"

Wayata na hannuna. Dannawa kaɗan zan yi kuɗin su tafi, rigimar ta ƙare. Ban taɓa ganin ƙanena ya kalle ni da irin wannan idon ba. Na ce masa in yana so, mu je gida yanzu, in miƙa masa komai a gaban Inna, in koma aikina. Amma muddin a hannuna suke, ba zan taɓa haƙƙin kowa ba. Ya juya ya bar ni a tsaye.

Ban koma rumfar ba. Na tari mai babur ya kai ni garejin Alhaji. Na same shi a kan tabarma yana waya, direbansa na tsugune a gefe, wani dattijo mai ƙaramin jiki da furfura a gemu. Na gaishe su, na jira ya gama.

"Hajiya, ni ban saɓa alkawari ba," ya ce tun kafin in yi magana.

"Ba ka saɓa ba, Alhaji. Tambaya kawai na zo yi. Ina za a kai takin?"

"Minna."

"Ta Lambata ke nan."

"To ta ina kuma?"

Na roƙe shi ya bar mu mu bi motar, mu ɗauki abin da za mu iya ɗauka tana tafiya. Alhaji ya shafa gemu. Sannan ya shimfiɗa nasa sharuɗan. Direbansa ne zai yi tuƙi, ba wani ɗan wasa da zai taɓa masa sitiyari da kaya a baya. Ba juyowa, ba rage gudu don mu. A Lambata direba zai tsaya ya duba tayoyi kamar yadda ya saba, in ya gama ya wuce. Na ce na yarda. Na yi wa direban alkawarin ɗan ihsani daga aljihuna, ya ce Allah ya kai mu.

Da na faɗa wa ƙanena, ya ce wannan ba fim ba ne, bara ce. Yaya za a nuna jarumi na tuƙi alhali ba ya tuƙi? Na ce wannan kuma aikinsa ne, ni na yi nawa. Ya tafi ya zauna da mai ɗaukar hoto a gindin wata bishiya, suka daɗe suna zane a ƙasa da tsinke. Da ya dawo, ba ni ya yi wa magana ba, ma'aikatan ya tara. Jarumin zai zauna a gefen direba, a ɗauki fuskarsa kurkusa, wajen tacewa a juya hoton ya koma kamar shi ne a mazaunin tuƙi. Hannuwa a kan sitiyari kuwa na direban gaske za a ɗauka. Rabin hanya mai ɗaukar hoto zai kasance a cikin tirelar, in an shiga cunkoso ya sauko ya shigo ƙaramar motar kawunmu, ya ɗauke ta daga waje.

Washegari tun da hantsi muna bakin mahaɗar Diko muna jira. Tirela ba ta zo ba. Aka yi azahar, ba ta zo ba. Wayar direban ba ta shiga. Jarumin ya fara duba agogo, ya aiko a tambaye ni ko an tanadi kuɗin motarsa. Gabas kuma ta fara haɗa hadari. Ƙanena yana ta zarya a bakin titi, ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba. Ni kuwa a raina ina ta lissafin abin da zan ce in motar ta riga ta wuce ta wata hanya.

Gab da la'asar ta iso, an lulluɓe kayan da tamfol. Direban bai ko kashe inji ba. Jarumi da mai ɗaukar hoto da mai sauti suka haye, mu kuma muka bi su a baya, ƙanena na tuƙi, ni a gefensa, mai fitila a baya.

Ban taɓa jin tsawon wannan hanyar ba sai ranar. Da muka shiga cunkoson manyan motoci, mai ɗaukar hoto ya diro da kyamara a ƙirji, ya ratso tsakanin motoci ya faɗo cikin tamu. Da hanya ta buɗe, ya fitar da rabin jikinsa ta taga, mai fitila ya riƙe shi ta ƙugu. Ina tsoron ya faɗi, ina kuma tsoron kyamarar, don in ta fashe ko duk abin da ke hannuna ba zai biya ta ba.

"Rage gudu," na ce.

"In na rage za ta ɓace mana."

"Ka rage, da rai a jikin taga!"

Ya rage kaɗan. Wata tanka ta shiga tsakaninmu da tirelar, muka daɗe ba mu ga komai ba sai bayanta. Mai ɗaukar hoto ya dawo ciki, ya ce ya samu abin da zai isa, in Allah ya so. Ba wanda ya tambaye shi ko ya tabbata.

Muna shiga Lambata aka fara yayyafi. Direban ya tsaya a gefen titi, ya ɗauko ƙarfensa ya fara bubbuga tayoyi. Abin da ya rage shi ne jarumin ya diro daga mota, ya tsallaka titi da gudu, ya shige wani lungu. Aka saita, ƙanena ya ba da umarni, jarumin ya diro. Yana tsakiyar titi wani mai babur ya gane shi, ya taka birki a gabansa, ya kama hannunsa yana ihu yana kiran jama'a. Kafin a raba su, direban ya gama da tayoyinsa, ya sa ƙafa a matakala.

Na ruga wurinsa.

"Baba, tun safe kana wurin lodi. Ka ci abinci kuwa?"

Ya dube ni, ya dubi sama.

"Hajiya, Alhaji ya ce in na duba taya in wuce."

"Bai ce ka tafi da yunwa ba."

Akwai mai tuwo a daidai wurin. Na ce ta zuba masa da nama, na kawo masa ruwan wanke hannu da kaina. Ya san abin da nake yi. Ya yi ɗan murmushi, ya zauna, ya fara ci, ba da sauri ba, ba kuma a hankali ba. Na tsaya a kansa ina kallon tuwon yana raguwa, ina kallon mai fitila da mai sauti suna roƙon mutane su ja baya. Ruwan ya fara ƙarfi. Aka rufa wa kyamara leda. Jarumin ya sake hawa, ya diro, ya tsallaka, rigarsa ta manne a jikinsa, ya shige lungun. Ban ji ƙanena ya ce an gama ba, sai dai na ga ya durƙusa a kan titi ya dafe kai.

Direban ya wanke hannu, ya karɓi abin da na yi masa alkawari, ya ja motarsa.

A rumfar mai tuwon muka fake. A nan na tura wa kowa cikon kuɗinsa, ɗaya bayan ɗaya, wayoyi suna ta ƙara a aljihu. Mai fitila ya duba tasa, ya mayar, ya ce, "Allah ya saka, Hajiya." Jarumin muka sa shi a motar da za ta kai shi Diko ya nemi ta Kano.

Ƙanena ya yi makonni ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Har yau yana cewa da an ba shi yinin nan cikakke, da ƙarshen fim ɗin ya fi haka kyau, kuma ina jin gaskiyarsa ce. Ƙarar ruwa ta ɓata sautin, sai da aka sake ɗaukar wasu maganganu a ɗaki. Amma kuɗin tacewa sun isa, fim ya fita. Bai mayar da duk abin da aka kashe ba, ya dai buɗe masa ƙofar wasu ayyukan.

Na kalle shi a gidan Inna tare da 'yan uwa. Da aka zo wurin tuƙin, wata ƙanwar mahaifinmu ta ce ashe jarumin nan ya iya babbar mota haka. Ni da ƙanena muka haɗa ido, ya kau da kai yana dariya. Dattijon direban kuwa ban sake ganinsa ba. Na tambaya a gareji daga baya, aka ce ya bar wurin Alhaji, ya koma garinsu.