Ranar da Mai Hoto Ta Buɗe Cikin Kwamfutarta

Mai Hoto ake ce mata, ko da yake tun asali sunan na mijinta ne. Shi ya buɗe shagon a ƙasan wani bene, ita kuma aikinta a lokacin ta gyara wa mutane wuyan riga, ta ce su ɗaga haɓa. Da ya rasu ba ta rufe ba. Ta ɗauki kyamara ta ci gaba, sunan ya dawo kanta.

Mace ce da ba ta shakkar mutum. Jariri mai tsala ihu, ko ƙaton da ya ce an ɓata masa hanci a hoto, duk ta san yadda take yi da su. Amma duk abin da ke da waya a jiki tsoronsa take ji. Kwamfutar shagon ma hanyarta kawai ta haddace: danna nan, jira, danna can. Kwamfutar tsohuwa ce, fara ce a da, ta koma ruwan ƙasa, tana zaune ƙarƙashin tebur tana gurnani kamar kyanwa.

A cikinta kuwa kusan duk unguwar take. Marigayin bai taɓa goge hoto ba, ita ma ba ta fara ba. Da shekaru suka ja, sai aka soma zuwa da wata irin buƙata. Mutum zai shigo a sanyaye ya ce mahaifinsa ya rasu, kuma babu hotonsa ko ɗaya sai wanda aka ɗauka a nan don katin aiki. Sai ta zauna ta bi shekara shekara har ta nemo masa.

Wata rana kwamfutar ta ce ta cika. 'Yarta, wadda ke aiki a wani gari mai nisa, ta aiko da wani ƙarfe mai kamar sabulun wanki, ta ce rumbun ajiya ne, a sa shi kusa da na ciki su zama biyu.

"Mama, sukuru ne kawai da waya biyu. Ki kira Kawu."

Kawun shi ne ƙaninta, mai gyaran rediyo. Furfura ta gama cin kansa, amma har yau Auta take ce masa. Ya zo da hantsi da sukudirebarsa, ya zare filogi, ya kwance murfin gefe, ya leƙa.

"Yaya, ashe yanar gizon da ake ta faɗa a nan ciki take? Ga ta nan har da mai ita."

Ba ta yi dariya ba. Tana tsaye ta dafe ƙirji tana kallon wayoyin kamar an buɗe cikin ɗanta. Auta ya share ƙura, ya zura sabon rumbun ƙarƙashin tsohon, ya ɗaure. Akwai wata faffaɗar waya mai kama da bel, mai baki biyu. Ɗaya yana jikin tsohon, ya cusa ɗayan a sabon. Ya ba shi wuta, ya karkaɗe hannu.

"Kunna."

Ta kunna. Fanka ta tashi. Allon ya yi baƙi, wasu fararen rubutu suka fito, suka tsaya. Ta jira hoton da ya saba bayyana, bai zo ba. Suka kashe suka sake kunnawa, haka dai.

"Auta, ina mutanena?"

"Suna ciki mana, ina za su?"

Amma muryarsa ta canja, kuma ta ji. Ta zauna a kujerar masu ɗaukar hoto. Ta lalubo lambar 'yarta ta kira.

'Yar ta sa aka karanta mata rubutun, sannan ta ce kwamfutar cewa take ba ta ga rumbu ko ɗaya ba.

"Ko ɗaya? Har da nawa?"

"Mama, ba ni Kawu. Kawu, duba bayan kowanne, kusa da inda waya ta shiga. Akwai 'yan haƙora, da ɗan baƙin roba a kansu. A wuri ɗaya suke?"

Auta ya cusa kai da tocila a baki. Ya fito ya ce a wuri ɗaya suke.

"To shi ne. Kowanne cewa yake shi ne babba. Ka matsar da na sabon, akwai zane a jikinsa."

"Direba biyu a mota ɗaya ke nan," in ji Auta. Ya nemi hantsaki bai samu ba, Mai Hoto ta miƙa masa ɗan ƙarfen da take tsince gashi daga hoto. Ɗan robar bai kai ƙwayar wake ba. Ya ciro shi, sai ya suɓuce masa ya faɗa cikin kwamfutar.

Su biyun suka durƙusa. Ita ta hango shi maƙale a gindin fanka, ta sa yatsu ta ɗauko, karo na farko ke nan da hannunta ya taɓa shiga cikin na'ura. Aka sa shi inda zanen ya nuna. Da ta kunna, allon ya yi baƙi, ya daɗe, sannan hoton da ta sani ya fito. Ta sauke numfashi har Auta ya juyo.

Saura a share sabon rumbun kafin ya karɓi kaya. 'Yar ta bi da ita har wani shafi mai layi biyu, ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, ta ce baƙin ne sabo. Sai gargaɗi ya fito cewa duk abin da ke ciki zai tafi.

"Kin tabbata baƙin ne?"

"Na tabbata, Mama."

"Idan kuma sun yi musanya sa'ad da suke rigimar girma?"

Auta ya ce shi kam ba zai danna ba, ya koma bakin ƙofa. Ta sa 'yar ta maimaita har ta fara ƙosawa. Daga ƙarshe ta runtse ido ta danna. Da ta buɗe, ta garzaya ta duba hotunan. Suna nan.

Ta fara kwashe su zuwa sabon wuri. A nan ne ta ji ƙarar. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogo mai ciwo, sai kwafin ya tsaya, sannan ya ci gaba. Auta ya ɗora bakin sukudireba a kan sabon, ya kara kunne a mariƙin, ya girgiza kai. Ya ɗora a kan tsohon, ya ɗago ya dube ta.

Ta kara wayar kusa don 'yar ta ji ƙarar. Wannan karon 'yar ba ta ce mata kada ta damu ba.

"Mama, tsohon mutuwa yake yi. Kada ki kashe. Ki tsayar da wannan, ki fara da waɗanda suka fi muhimmanci."

"Duk mutane ne. Wa zan bari?"

Ta dubi jerin shekarun, idanunta suna ruwa. Sai ta kai linzamin kwamfutar can ƙasa, kan mafi tsufa. Auta ya ce ai na bana ne masu su za su zo karɓa. Ta ce na bana suna da ƙafa, za su iya dawowa su zauna.

Haka suka wuni. Ta rufe ƙofar shagon, wanda ya ƙwanƙwasa ta ce ya dawo gobe. Auta ya jawo fankar tsaye ya saita ta cikin kwamfutar, yana roƙon kada a ɗauke wuta. Duk sa'ad da ƙarar ta zo, kwafin ya tsaya, ita ma sai numfashinta ya tsaya. Fuskoki suna wucewa ƙanana a allo, wasu ta kira sunansu a hankali. Da la'asar ƙarar ta zo ba ta tafi ba. Linzami ya daskare, allon ya ɗauke.

Sai ƙarshen mako 'yar ta iso ta tayar da kwamfutar a kan sabon rumbun. Kafin nan Mai Hoto ko abinci ba ta iya ci sosai, don ba ta san abin da ya tsira ba. Tsoffin shekarun duk sun haye. Na baya-bayan nan sun tafi, har da hotunan jikarta ta fari tana koyon zama.

Ta bi shago shago da gida gida tana faɗa da bakinta, ta ce duk wanda nasa ya ɓata ya zo a sake. Yawanci sun zo, wasu har da tsiya, wai dama wancan bai yi kyau ba. Wata tsohuwa ce kaɗai ta saurara har ƙarshe, ta ce ɗanta da aka ɗauka ya yi tafiya tun bara, ba a san ranar dawowarsa ba, amma in ya dawo za ta turo shi. Mai Hoto ta ce to, ta ɗan jima tsaye a ƙofar, sannan ta wuce gida na gaba.