Katin da Na Ƙona a Kasko

Ni ba gadon turare na yi ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Iyayena daga kudancin Borno suka zo Maiduguri, ubana akawu ne, uwata kuma tana koyar da mata ɗinki a majami'a. Sana'ar da na sani ita ce buga tafireta. Shekara tara ina buga wasiƙun gwamnati, har lokacin da aka shiga rage ma'aikata, aka miƙo mini takardar sallama. Abin haushin, ni na buga irinta da hannuna ga wasu a makon da ya wuce. Na koma gida Wulari na zauna, ga yara uku, ga albashin maigidana na malamin firamare da ba ya kai mu tsakiyar wata.

Wata tsohuwa Babarbariya da muke katanga ɗaya ce ta gaji da ganina zaune, ta koya mini haɗa turaren wuta: yadda ake jiƙa itacen, yadda ake narka sukari kada ya ƙone, da inda kajiji ke shiga. Da na fara zubawa a kwalba sai unguwa ta samu abin dariya. Wai turaren 'yar mishan. Wai me na sani ban da ƙanshin takarda?

Wata Hajiya ce ta fara saye. Ta shigo cikin lafayarta ba ko murmushi, ta sa na zuba mata a garwashi, ta rufe ido ta shaƙa, ta ce na cika sukari, in ƙara kajiji. Na gyara, ta dawo, ta ɗauki kwalba biyu, ta kuma je gidan biki ta faɗa da bakinta cewa a Wulari ta saya. Daga ranar masu dariya suka fara aiko 'ya'yansu. Daga baya mijinta ya koma noma a ƙauyen Khaddamari, ta bi shi, amma ba ta sake ni ba.

Halin ofis bai bar ni ba. Na yanyanka tsofaffin bangon fayil na yi katuna, kowace mai saye da nata. A gaba ina rubuta sunanta, da inda wasiƙa ke samunta, da irin haɗin da take so. A baya kuma ina rubuta abin da bakina bai kamata ya taɓa ba. Wannan mijinta ya rasu, kada a ce a gai da maigida. Wannan ɗanta na da asma, a rage hayaƙi. Wannan ba ta samu haihuwa ba tukuna, kada a tambaye ta yara. Na jera su a cikin gwangwanin biskit, na Hajiya shi ne na farko.

Sai na sayi tsohuwar tafireta na shiga rubuta musu wasiƙu. Kafin sallah, kafin Kirsimeti, da duk lokacin da na ƙiyasta kwalbar mace ta kusa ƙarewa. Kowacce tata daban, domin wadda za ta aurar da 'ya ba maganarmu ɗaya da wadda ta fito daga takaba ba. Matan lokacin kaɗan ne ke da akwatin gidan waya na kansu. Wasiƙa ta ofishin miji take bi, ko makaranta, ko majami'a, hannu biyar ya taɓa ta kafin ta isa. Saboda haka nake liƙe ambulan da gam sosai, ba na kuma rubuta komai a bayansa. Da aka raba jiha, ma'aikata suka watse da iyalansu, sauran masu turare suka yi ta kukan ciniki ya mutu. Ni wasiƙuna suka bi mutanena har inda aka kai su, direbobin tasha kuma suka riƙa kai kwalabe.

Yayan maigidana yana da kemis a Galtimari. Mutum ne mai fara'a da son a ce ya waye, kuma duk abin da ya gani a hannun wani sai ya hango yadda zai fi kyau a nasa. In ya zo ya tarar da ni ina ƙwanƙwasa tafireta sai ya yi ta dariya, wai ina wahalar da yatsuna a banza, in buga guda ɗaya a gurza mini kwafi ɗari a inji. Daga nan ya ce to in bari ya riƙa saka tallar kemis ɗinsa a cikin ambulan ɗina, tunda kan sarki ɗaya ne. Na ce masa, cikin ladabi, matan nan don turare suka ba ni adireshinsu. Ya sake tambaya bayan wata biyu, na sake ba shi amsar, ladabin ya ɗan ragu.

Da damina uwata ta kwanta ciwo a ƙauyenmu, inda ta koma da zama, na tafi jinya na mako uku. Ina can ya zo ya roƙi ƙanensa aron gwangwanin. Maigidana mutumin kirki ne, amma tunda aka haife shi bai taɓa kallon idon yayansa ya ce a'a ba. Ya ɗauko ya ba shi, aka dawo da shi kafin in dawo, aka ajiye daidai inda yake, ba wanda ya ce mini komai.

Kwana goma da dawowata wata malamar sakandare ta yi sallama. Shekara huɗu tana saye a wurina, kullum da wasa da dariya take shigowa. Ranar ko zama ba ta yi ba. Ta ajiye wata takarda a kan teburin tafireta, ta ɗora rabin kwalbar turarena a kai.

"Madam, ke kaɗai na faɗa wa, ranar da kika gan ni ina kuka," ta ce. "Yanzu masinjan ofishin mijina ya sani, direba ya sani. Daga tebur zuwa tebur aka yi ta miƙa ta."

Takardar gurzajjiya ce, tawada duk ta ɓata gefenta. Tallar maganin haihuwa ce, wai sabon zuwa, a nemi kemis kaza a Galtimari, a ƙasa kuma an rubuta cewa da sanin Madam mai turare ta Wulari. Yayan maigidana ba kowa ya aika wa ba. Zama ya yi ya juya katunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya tsince waɗanda na rubuta kada a tambaye su yara. Kuma don kan sarkin buɗaɗɗen ambulan ya fi araha, bai liƙe ko ɗaya ba. Abin da na rubuta don in kare mata shi aka ɗauka aka tona su da shi, da rubutun hannuna. Ban taɓa jin kunya da fushi sun haɗu mini irin na ranar ba. Malamar ta juya ta fita.

Da rana tsaka na shiga mota zuwa Galtimari. Na tarar da shi da masu saye, ban jira sun watse ba. Ya ce taimako ya yi, ai har mata uku sun zo sun sayi maganin.

"Haba amarya, takarda ce fa kawai," ya ce.

"Yaya, amana ce. Ba kai aka ba ba, kuma ba ƙanenka aka ba ba."

Na faɗi sauran abin da na faɗa, ba duka zan maimaita a nan ba. Kafin Lahadi magana ta kai ga dattawan majami'a. Suka kira ni suka ce ya yi kuskure, amma ni ma na ɗaga wa babba murya a gaban mutane, in je in ba shi haƙuri a rufe maganar. Na ce ranar da ya bi matan nan gida gida ya ba su haƙuri, ni ma zan je da gwiwoyina. Bai je ba, ban je ba, har ya koma ga Ubangijinsa gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Maigidana ya ce in yi shiru, waɗanda abin ya shafa ba su kai ashirin ba, sauran ba su san an yi ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin sauran ma an karanta bayan katinsu. Na zauna kwana shida ina buga wasiƙa ga kowace mace da ke cikin gwangwanin, kusan su ɗari biyu. Na faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana, ban ɗora wa kowa ba, na ce sakacina ne. A cikin kowace na saka ƙaramin ambulan mai adireshina da kan sarki a manne, da sunanta a rubuce ta ciki. Na ce wadda ke son in ci gaba da rubuto mata ta jefa shi a gidan waya, ko babu komai a ciki. Wadda ba ta so kada ta wahalar da kanta, bayan wata biyu zan ƙone katinta, kuma ba za ta sake ganin takardata ba.

Maigidana ya ce da hannuna nake yanka sana'ata. Na ce ai da hannunsa aka wasa wuƙar. Kwana biyu bai ci tuwona da daɗi ba.

Ambulan suka riƙa dawowa, yau uku, gobe ɗaya, jibi babu. Duk wanda ya zo sai in ciro katin mai shi, in sake sabo mai gaba kawai, baya fari fat, abin da na sani in bar shi a kaina. Da wata biyu suka cika, waɗanda suka dawo ba su kai rabi ba. Na malamar bai zo ba, ban kuma yi tsammani ba. Wanda na yi ta leƙen gidan waya dominsa shi ne na Hajiya, shi ma shiru.

Ran Asabar da la'asar na hura garwashi a babban kasko a tsakar gida, na shiga jefa katuna. Da na zo kan nata maigidana ya riƙe mini hannu. Ya ce Khaddamari nan ce kusa, in shiga mota da safe in tambaye ta da baki, kafin azahar na dawo. Na ce ba zan je ba. A garin nan wa ke kallon idonka a ƙofar ɗakinsa ya ce ba ya so? In na je za ta shimfiɗa mini tabarma ta ce ba komai, ko da ranta ya ɓaci, kamar yadda shi ya miƙa wa yayansa gwangwanina. Shirun nan shi ne kaɗai hanyar da na bar wa matan su ƙi ni ba tare da kunya ba, ba zan toshe wa wadda na fi ƙauna ita ba. Na jefa katin. Na yi kuka, ina kuma jin haushin kaina da nake kukan.

Ciniki ya ragu sosai a shekarar, muka sha kunu da dare fiye da yadda muka saba. Gwangwanin kuwa na sa aka yi masa akwati da kwaɗo, makullin a bakin zanena. Waɗanda suka rage suka kawo wasu a hankali. Duk sabuwar da ta zo sai na tambaye ta ko tana son wasiƙa, in ta yi jim ban rubuta ta ba.

An fi shekara da rabi, wata safiya ina tankaɗe kajiji na ji an yi gaisuwar Barebari, "Wushe, masu gida." Hajiya ce, ta ɗan rame, fuskar nan a ɗaure kamar ranar farko. Ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Ta sa hannu cikin lafaya ta ciro ƙaramin ambulan ɗina, ya yi laushi, kan sarkin ko hatimi babu.

"Ga amsarki," ta ce.

Ashe ba ta karatun boko. 'Yarta ce ke karanta mata wasiƙuna tun farko, kuma an kai ta gidan miji can nesa wata ɗaya kafin wannan ta iso. Malaman makarantar da wasiƙar ke bi ta hannunsu sun ce su karanta mata, ta ƙi. Ta ce tunda nake liƙe ambulan haka, maganar mata ce a ciki, namiji ba zai buɗe ba. Ta sa ta a ƙasan akwati tana jiran wata wasiƙar ta biyo baya, ba ta zo ba, har ta ɗauka na yar da ita don ta zama 'yar ƙauye. Sai da yarinyar ta zo wankan haihuwa aka buɗe.

Maigidana yana bakin ƙofa yana jinmu, na san so yake ya ce ai ya faɗa mini in je, na kalle shi ya haɗiye. Ko yau aka mayar da ni tsakar gidan nan da kaskon nan, zan sake jefawa. Laifina ba a ƙonawar yake ba. Shekara da shekaru ina taƙama na san kowace mace ciki da waje, na san sukarinta, na san kajijinta, amma ban taɓa tambayar Hajiya wa ke karanta mata ba.

Ta tambaye ni ko da gaske nata ma na ƙona. Na ce da gaske. Ta jawo tabarma da ƙafarta ta zauna, ta ce in kawo sabon kati. Na rubuta sunanta, na rubuta haɗinta daga kaina, ba ta gyara mini ko ɗaya ba. Zan mayar da shi gwangwani ta ce in juya bayansa. Na ce na daina rubutu a baya.

"Wannan ni na sa ki, 'yata," ta ce. "Rubuta: ba ta karatu, a zo mata da ƙafa."

Na rubuta. Ran Asabar ɗin da ta biyo baya na shiga motar Khaddamari da kwalba biyu.