Ƙwaryar Mai Leƙen Gidaje

Kwana biyar ke nan da dawowata daga Maraɗi, har yanzu in babur ya tsaya a ƙofar gidanmu sai gabana ya faɗi. Tuwo ma tsakura nake yi. Abin da ke zaunar da ni wuri ɗaya shi ne tuna Iya, kakata ta wajen uba, wadda ta rasu ina ajin farko na kwalej.

Ƙauyenmu na kusa da Gazawa, amma Iya Bagobira ce, daga wajen Tibiri aka auro ta, kuma har ta koma ga Allah bakinta bai sake ba. Bayan girbi, da an gama cin tuwo, takan sa mu tara karan gero a tsakar gida mu hura wuta. Ta binne gyaɗa a toka, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo wajen ɗumi. Ni da Yaya Rabi kullum sai mun yi rigimar wa zai zauna damanta, don ta nan gyaɗar ke fitowa. Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Cewa take, "Baƙuwa na ƙofa." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Wanda ya yi gyangyaɗi ta jefe shi da ɓawo a goshi.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba na so ina yarinya, ita kuwa ta fi son ta.

Wai wani falke ne ya sauka a wani gari da ƙwarya tasa. Yana bi gida-gida yana roƙon ruwan sha. Ya sha rabi, ya juye rabi a gora, in ya koma masauki ya tsiyaya a ƙwaryar. Ashe duk gidan da ruwansa ya shiga ƙwaryar nan, wanda ya leƙa cikinta zai ga gidan kaf, har ƙuryar ɗaki. Ranar kasuwa ya kafa rumfa, maza suka yi layi. Wata yarinya mai suna Ladi tana tallar fura ta ji suna dariya suna kwatanta jikin uwarta. Ita ce kuwa ta miƙa wa falken ruwan gidansu da hannunta.

Ta durƙusa ta roƙe shi, ya ce ta tashi tana tare masa masu saye. Ta koma gida ta ɗauko taɓarya. A hanya wata tsohuwa ta tare ta.

Nan Iya kan gyara murya ta zama tsohuwar. "Ina za ki da taɓarya, ɗiyata? In kin fasa, ke aka kamawa, shi ko shi sake fafe wata. Ki bari shi fasa da hannunshi."

Ladi ta yi ta bin sa a ɓoye har ta gano bijimin mai gari da ya ɓata yana ɗaure a masaukin falken. Ta ɗebo ruwan randar masaukin, ta faki idonsa ta zuba a ƙwaryar ranar da mai gari ya zo leƙe. Mai gari ya sunkuya, ya ga bijiminsa yana tuƙa a masaukin falke. Falke ya fizge ƙwaryar ya maka da ƙasa, ya tattake gorar. Bai tsira ba. Aka kore shi ba takalmi ta hanyar da ta fi ƙaya.

Iya takan faɗi wannan wurin a hankali, tana jin daɗinsa kamar mai tsotsar ɓargo. Ni kuwa ƙafafun falken nake tunawa.

"Iya, ba a yafe mishi ba?"

"Wa za shi yafe? Ke anka leƙa?" Ta tura mini gyaɗa. "Tausai gare ki, ƙawata. Ci, ba ki san komi ba tukuna."

Bana wani kamfanin sayen aya ya kama hayar mangazar babanmu, ɗakin ajiyar da ke jingine da gidanmu. Wakilinsu, Mushe Laminu, wato Malam Laminu a bakin masu Faransanci, ya ɗauke ni aiki saboda ina jin Faransanci. Ya ce yanzu manyan masu saye ba sa wahalar zuwa ƙauye. Ana ɗaukar hoton wuri a zuba a wani tabarau mai kama da akwati, in mutum ya ɗaura a fuska sai ya ga kansa tsaye a gonar ko a bakin mangazar, ya ga kaya, ya ƙulla ciniki daga inda yake.

Mai ɗaukar hoton ya zo daga Yamai da wata 'yar na'ura kamar ƙwallo a kan doguwar sanda. A lokacin Yaya Rabi tana gida wankan jego, haihuwar fari, kwana goma sha biyu. Da yamma ne, ruwa ya tafasa a tukunya, ungozoma ta jiƙa ganyen darbejiya. Innarmu ta kira ni ta ce, "Saude, mutanen nan ba za su hango mu ba?"

Na ce, "Inna, ƙofar mangaza suke ɗauka. Mu bayansu muke."

Haka muka saba tun muna yara: in mai hoto ya zo, wanda ba ya so ya koma bayansa. Ban san wannan na'urar ba ta da baya ba. Gaba take gani, da baya, da sama, da ƙasa. Sandar kuma ta fi dangarmu tsawo.

Sai a baje kolin kayan gona na Maraɗi na gane. Aikina in ɗaura wa baƙi tabarau, in riƙa gaya musu abin da suke gani. Ranar farko na lura samarin rumfar maƙwabta suna ta dawowa, kuma da sun ɗaura sai su juya dama su tsaya, suna murmushi. Da suka watse na ɗaura na juya dama. Ga dangarmu daga sama. Ga tururi. Ga Yaya Rabi a kan turmi, zane a ƙugu, ungozoma na fyaɗa mata ganye. Na miƙa hannu in rufe ta, hannuna ya bugi teburi.

Mijin Yaya Rabi ɗan garin Gidan Rumji ne, shi da babansa fataucin hatsi suke, kuma sun ce mini ranar ƙarshe za su zo su ga rumfarmu.

Na sami Mushe Laminu yana shan shayi. Na roƙe shi har na durƙusa, mutane na kallo.

Ya ce, "Haba 'yar lakol, bokon ke nan? Don wata ta yi wanka sai in zubar da aikin da aka kawo mutum daga Yamai? Ai ita ke jawo mana jama'a." Ya kurɓi shayi. "In kika taɓa tabaran nan, jandarma za su raka ki gida."

Na koma rumfa ina kallon tabaran. Akwai dutsen da muke danne tabarma da shi. Na ɗauke shi, na ji nauyinsa, sai na ji muryar Iya kamar tana gefena tana tambaya ina za ni da taɓarya. Na ajiye.

Duk lokacin da ba baƙo sai in ɗaura, ina juyawa taki-taki, ina duba kowane lungu. Kaina ya yi ta juyi har na yi amai sau biyu. Rana ta biyu da la'asar na samu. In ka juya hagu sosai, ka leƙa ƙasa ta bayan katangar mangaza, ga Mushe Laminu da hularsa ja, tsaye kan ma'aikata biyu suna ɗura ɓawon gyaɗa a buhunan aya, don mangazar ta yi kamar ta cika. Shi ma ya zaci yana baya.

Washegari da hantsi babban mai sayen da suke jira ya iso, wani dattijon Alhaji daga Kano. Mushe Laminu na ta rawar jiki. Ni na ɗaura wa Alhajin tabarau.

Na ce, "To Baba. Ga mangazar nan gabanka. Kada ka juya dama, gidan mutane ne. Juya hagu. Ƙara. Yanzu duba ƙasa."

Ya sunkuyar da kai ya duba da kyau. Sannan ya cire tabaran, ya dubi hular da ke kan Mushe Laminu, ya ce, "Malam, ayar taku da ɓawo take fita a ƙasar nan?" Ya miƙa wa abokin tafiyarsa. "Ɗaura ka gani, ka kira sauran masu saye, su Alhaji Bala, su ma su gani."

Mushe Laminu ya fizge tabaran. A gabana ya goge hoton daga ciki, ya goge na kwamfuta, ya buga wa na Yamai waya yana ihu a goge komai yanzu. Abin da ya ƙi yi don yayata, bai ɗauke shi minti biyar ba don kansa. Da mijin Yaya Rabi da babansa suka iso bayan azahar, tabarma kawai suka tarar ana naɗewa.

Kafin in hau motar Gazawa ya biyo ni tasha. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Na san ƙofar gidanku." Shi ya sa babur ke tsorata ni. Ban kuma san ko cikin samarin nan akwai ɗan yankinmu ba. Yaya Rabi ba ta san komai ba, jiya ma tana mini tsiya wai birni ya ramar da ni.

Iya kan rufe tatsuniya da cewa, "Baƙuwa ta tahi, a naɗe tabarma." Ina yarinya na ɗauka mugunta ce ke sa ta jin daɗin ƙayar nan. Yanzu na gane cewa mace ce da ta rayu shekara saba'in a bayan danga, ta san ba ta da wani abin da ya fi dangar. An ce kamfanin ya kori Mushe Laminu, kuma labarin hularsa ya riga shi isa kasuwannin yankinmu har garin Agye. Na zauna na nemi tausayin nan da nake ji wa falke, na duba ko'ina kamar yadda na duba cikin tabarau. Ban same shi ba, Iya. Ni aka leƙa.