Rufin Makewayi

A kasuwar Kore Mairuwa, wani dattijo na auna zanar da zai saya kamu-kamu. Dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare, kuma bini-bini sai ya harari sama.

Na ce, "Baba, hadari kake jira?"

"Jirgin nan marar matuƙi nike dubi, ɗana. An ce 'yan ta'adda shika nema, Allah shi ba shi sa'a. Amma makewayinmu ba rufi. Matata Hindatu yau kwana huɗu ba ta yi wanka ba. Ta ce sai an gaya mata wa ke kallon hoton da jirgin ke ɗauka, kuma ina ake aje shi."

Da ganinsa, bai taɓa cin gardama a gidansa ba, kuma ya rasa ofishin da zai kai wannan tambaya.

Ya ɗora zanar a ka, ya tsuguna, ya ce in hau amalanken da ke gefe in leƙo.

"Kana gani na?"

"Ina hangen ƙeyarka, Baba."

Ya miƙe a hankali. "Wanga da idon banza ya gan ni, balle na'ura. Mai zana, ƙaro biyu."